Kawu Sabino da Agogon da Ke Kai Ƙara

A garinmu, in ka ji ana tas! tas! daga bakin teku tun rana ba ta gama fitowa ba, ba sai ka leƙa ba, Kawu Sabino ne yake dukan folfo. Kowa yana iya kama kifin nan mai hannu takwas, amma ba kowa ya iya ladabtar da shi ba. Sai an ɗaga shi sama an maka da dutse, an sake makawa, kamar mai bugun wanki da ya yi faɗa da mai kayan, sannan a zuba shi a kwando a yi ta jijjigawa har hannayen su nannaɗe, namansa ya yi laushin da tsohuwa marar haƙori za ta iya ci ɗanye. Sabino ya fara wannan aiki tun yana gajeren wando, ya yi shi har gashinsa ya koma fari fat. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, kuma duk garin an san hannunsa ba ya buɗewa da sauƙi in dai maganar kuɗi ce. Matarsa Palma, kafin ta rasu, takan ce in Sabino ya riƙe tsabar kuɗi sai hoton da ke jikinta ya nemi agaji.

Da damina ta wuce sanyi ya shigo a shekarar da ya kusa cika tamanin, santsi ya kwashe shi a kan duwatsun, ya karye a ƙugu. Ya warke, amma likita ya ce shi da duwatsu sai hange. 'Yarsa tilo, Nunzia, wadda ke aiki can birnin Torino, ta zo ta zaunar da shi a kicin ta ba shi zaɓi biyu: ko ya tattara ya bi ta, ko ya yarda a ɗaura masa agogon ceto kuma ya rabu da teku.

Sabino ya taɓa zuwa Torino. Gidan Nunzia yana can saman bene, tagarsa tana kallon tagar wani. Ya wuni yana neman abin da zai kalla bai samu ba, da dare kuma aka kawo masa folfo daga firiji, ya tauna ya tauna ya ce wa surukinsa, "Wannan tayar wace mota ce?" Saboda haka bai ɓata lokaci ba, ya miƙa hannu.

Abin kamar agogo yake, baƙi, da maɓalli ja a tsakiya, sai dai ba ya faɗin lokaci. In ka danna, wata murya za ta amsa. In ka faɗi, ko ba ka danna ba zai ji jijjigar ya kira da kansa. In ka cire shi ka ajiye, zai ji babu ɗumin jiki ya aika wa Nunzia saƙo. Kuma duk inda ka taka, in ta buɗe wayarta za ta gani.

"Wato ɗan sanda kika ɗaura min," in ji Sabino. "Nawa ake biyansa?"

"Ba ruwanka, Baba."

"Nawa?"

"Ci abincinka."

Amsar a bakin Gwaggo Addolorata ya same ta, maƙwabciyarsa ta ƙofa da ƙofa, wadda mijinta ya rasu tun da daɗewa kuma babu abin da ke shiga layin bai biyo ta tagarta ba. Ita ma ɗanta ya saya mata irinsa, amma ƙarami, na ratayawa a wuya, marar wayon jin faɗuwa. Ba ta taɓa sa shi ba. Ta rataya shi a wuyan mutum-mutumin Maryamu da ke saman kabad ɗinta, ta ce can ya fi tsaro, kar tururin girki ya lalata shi.

"Naka ai na masu hali ne," ta ce masa tana murza taliya a kan katako. "Yuro talatin da biyar duk wata. Duk wata, Sabino, har ka mutu. In ka mutu a farkon wata ma sai an biya na watan."

Sabino ya nemi wuri ya zauna. Ya dubi abin da ke hannunsa kamar ya ga kaska. Ba a taɓa kashe masa kuɗi irin wannan ba tun da aka haife shi, kuma a kan me? A kan faɗuwar da bai riga ya yi ba. Yarinyar nan tana can cikin sanyi tana tashi da duhu-duhu zuwa aiki, ga hayar gida, ga yara biyu, sannan ga wani baƙin agogo yana tsotsarta. Ya kwana biyu abin yana cin sa. Daga nan ya yanke shawarar da a ganinsa duk mai hankali zai yanke: zai koma teku ya nemo kuɗin. Mai gidan abincin da ke bakin tashar jiragen ruwa ya daɗe yana kukan ba ya samun folfo mai laushi. Abin da ya samu zai riƙa cusawa a ƙasan kwalin da yake aika wa Nunzia, tsakanin kwalaben tumatir da man zaitun, ya ce ragowar ajiyar mahaifiyarta ce.

Akwai wani lungun duwatsu a bayan layinsu, kusa da gida sosai, ta yadda a wayar Nunzia zai yi kamar yana bayan ɗakinsa. Can ya nufa da bokiti. Hannu bai manta ba. Kafin rana ta yi zafi ya kama uku. Ya ɗaga na farko sama, ƙirjinsa ya buɗe kamar an cire masa ƙulli, ya maka shi da dutse.

Hannunsa ya yi ƙara, sannan ya yi magana.

"Barka da safiya, Kawu Sabino, Loredana ce daga ofishin ceto. Mun ga alamar kun faɗi. Kuna ji na?"

Sabino ya tsaya da folfo a hannu, ya waiga hagu da dama.

"Ina ji."

"Kun ji ciwo? In turo mota?"

"A'a! Kar ki turo komai. Mota kuma ai wani kuɗin ne."

"Ba a biyan motar, Kawu. Me ya faru? Kamar ina jin ƙarar ruwa."

"Talabijin ne."

"To faɗuwar fa?"

Nan ne Sabino ya yi kuskurensa na farko. Da ya ce bai faɗi ba, za a tambaye shi me ya jijjiga agogon haka, shi kuwa bai tanadi amsa ba. Sai ya ce, "Dardumar falo ce ta ɗan ja ni. Na tashi."

Kafin ya kai gida Nunzia ta kira sau ba adadi, kuma ta riga ta kira Addolorata. Ya iske maƙwabciyar tana fitowa daga ƙofarsa da dardumar a naɗe a hammata, don tana da makullin gidan tun zamanin Palma.

"Ina za ki kai min darduma?"

"Umarnin 'yarka ne. Ta ce duk abin da ya kayar da kai a fitar da shi." Ta dubi bokitin, ta dubi ƙafar wandonsa da ke ɗiga. "Dardumar nan da ruwan gishiri take, ko?"

Ya ɗaga murfin bokitin. Ta zaɓi mafi girma.

Ya gwada mayar da agogon hannun hagu. Bai yi amfani ba, don Sabino da duk jikinsa yake duka. Ya gwada naɗe shi da tsumma. Ya gwada dukan a hankali, folfon ya fito da tauri har mai gidan abinci ya tambaye shi ko lafiya. Duk ranar da ya saki jiki ya yi aikin yadda ya kamata, sai muryar Loredana ta fito daga hannunsa, da ladabinta, tana tambayar me ya kayar da shi yau.

Ranar nan ya ce ɗan teburin gefen gado ne. Teburin ya koma gidan Addolorata. Wata rana ya ce silifas. Aka kwashe silifas. Ya ce tukunyar fure, aka ɗauke tukunyar fure. Rannan ƙarya ta ƙare masa, ya ce kujera, bai tuna cewa kujera ɗaya ce a gidan da ake iya zargi ba, wato tasa ta kaba mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda yake zama a kai a ƙofar gida tun Nunzia tana goye. Da yamma ya tsaya a tsaye a ƙofarsa, yana kallon Addolorata zaune a kanta tana ɓare wake.

"Ba ta da daɗin zama ma," ta ce. "Ban san me ka gani a jikinta ba."

A daren Lahadi Nunzia ta kira, kuma muryarta ba ta faɗa ba ce, abin da ya fi tayar masa da hankali.

"Baba, mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Mun gyara maka ɗakin yara. In abin nan ya sake kira ko sau ɗaya, zan zo in ɗauke ka. Ba tambayarka nake yi ba."

Sabino ya ajiye waya ya dubi falonsa, wanda yanzu in ya yi tari sai bango ya amsa. Ya ga ba shi da sauran abin da zai ɗora wa laifi sai gado da murhu. Ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.

"Addolorata, agogon nan ɗumin jiki kawai yake so. Bai san jikin wa ba ne."

Ta gane kafin ya ƙarasa. "A'a. Ni matar coci ce."

"Daga safe zuwa hantsi kawai."

"In yi wa 'yar Palma ƙarya? Allah ya kiyaye."

"Folfo ɗaya duk ranar da na fita."

"Biyu ranar Juma'a."

Aka ƙulla. Kullum da sassafe zai tsaya a tagarta, ta miƙo hannu kamar amarya, ya ɗaura mata, ya wuce teku da hannunsa sakayau. Tas! tas! ta dawo bakin ruwa. Loredana ta yi shiru. Sabino har ya fara fito a hanya, abin da ba a ji ya yi ba tun rasuwar Palma. Abu ɗaya ne bai lissafa ba: Addolorata ba ta zaman gida.

"Baba," in ji Nunzia wata rana a waya, a hankali, "me kake zuwa yi coci kullum da safe?"

Sabino bai taka cikin coci ba tun jana'izar matarsa, a ranar ma kusa da ƙofa ya tsaya.

"Addu'a."

"Kai?"

"Mutum ba zai tuna da Mahaliccinsa ba?"

"Ranar Talata kuma ka je maƙabarta. Ba ma wajen kabarin Mama ka tsaya ba, can wani gefe ka daɗe."

"Ina duba wurare ne," in ji Sabino, don ita ce maganar da ta fara zuwa bakinsa.

Ya ji ta ja numfashi. "Jiya kuma? Shagon gyaran gashin mata, Baba. Awa nawa ka yi a ciki."

"Akwai inuwa a wurin."

Ba ta yi dariya ba. Ya ji tana jan hanci, ta ce, "Akwai abin da likita ya faɗa maka da ba ka gaya min ba?" Ya rantse mata da Waliyyi Nikola cewa lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ce gaskiya ta farko da ya faɗa mata a watan, amma ita ce ba ta yarda da ita ba. Ya ajiye waya zuciyarsa ba daɗi. Ya je ya ce wa Addolorata don girman Allah ta zauna a gida gobe.

Ta zauna. Da yake ba ta iya zama hannu sake, sai ta ga ƙura a kan Maryamu. Ta jawo kujerar Sabino mai gajeriyar ƙafa, ta hau.

Shi bai san komai ba. Yana tafe da bokiti cike, wando jiƙe har gwiwa, ya shawo kwanar layinsu ya ga motar asibiti da taron mutane. Ƙofar gidansa a buɗe, wasu matasa biyu masu rigar aiki suna fitowa da gadon ɗaukar marar lafiya babu kowa a kai, ɗaya yana cewa, "An ce dattijo ne, namiji. Ina yake?" Matan layi sun fara share hawaye. Daga gidan Addolorata kuwa ana jin murya biyu, ɗaya daga agogon tana cewa, "Kawu Sabino, kar ku motsa, mota ta iso," ɗaya tana ihu, "Wane Sabino! Ni ce! Ku shigo nan, jakai, ƙofa ta gaba!"

A daidai lokacin tasi ta tsaya, Nunzia ta fito. Tun daren jiya ta hau jirgin ƙasa ba ta faɗa wa kowa ba, saboda maganar duba wurare a maƙabarta, kuma saƙon faɗuwar ya same ta tana sauka a tasha. Fuskarta ta kumbura da kuka. Ta ratsa mutane da gudu za ta shiga gidan, sai ta yi karo da ubanta a tsaye da bokiti.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta dubi hannunsa da babu agogo. Wani hannun folfo ya leƙo ta bakin bokitin ya sake komawa.

Aka fito da Addolorata a kan gadon, ƙafarta a ɗaure, gyaran gashinta na shekaranjiya bai ko motsa ba, baƙin agogon yana hannunta. Da ta hango Sabino ta ɗaga kai.

"Kujerarka ce, mugu! Ta karya ni!"

"Ai na faɗa," in ji Sabino, ya juya wajen 'yarsa. "Ban ce kujerar nan tana kayar da mutum ba?"

Nunzia ta ajiye maganar sai bayan sun dawo daga asibiti, inda aka ce idon sawu ne, zai ɗoru, kuma da ba a zo da wuri ba da tsohuwar ta wuni a ƙasa, don nata agogon yana can wuyan Maryamu. Suka shiga kicin. Babu kujerar da ta rage sai benci, suka zauna a kai gefe da gefe kamar masu jiran likita.

"Sau nawa ka faɗi, Baba? Gaskiya."

"Ko ɗaya."

"Darduma?"

"Ba ta yi komai ba."

"Silifas?"

"Su ma an zalunce su."

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa, bai san kuka take ko dariya ba, ita ma da alama ba ta sani ba. Da ta ɗago ta ce, "Ka san me ka sa ni a ciki? Na zaɓa maka har rigar da za a binne ka da ita. Me ya mayar da kai duwatsun nan?"

"Yuro talatin da biyar," in ji shi. "Duk wata. Kina can kina wahala."

"Baba, abin da nake biya wurin ajiye mota ya fi haka."

Sabino ya juyo gaba ɗaya. "Kina biya don mota ta tsaya? Ba ta tafiya ma?"

"Kar ka canza magana. Tattara kayanka."

Bai motsa ba. Ya dubi hannayensa, duk tabon gishiri da tsagar dutse.

"Nunzia, in kika kai ni can ba zan faɗi ba, gaskiya ne. Babu inda zan faɗi. Za ki zaunar da ni gaban tagar nan, in zauna, shi ke nan kuma ba zan ƙara tashi ba. Nan ko ƙarya nake yi, da ƙafata nake zuwa in yi ta."

Ita ma ta dubi hannayen nasa. Shi kuma ya tashi ya ɗauko bokitin, don folfo ba ya jiran a gama rigima. Ya yanko hannu ɗaya da ya nannaɗe sosai, ya ɗauraye, ya miƙa mata ɗanye a kan wuƙa, yadda yake yi mata tana ƙarama in ta biyo shi bakin ruwa. Ta karɓa don kar ta bar shi da hannu a miƙe. Ta tauna. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"A can ba a samun irin wannan," ta ce, kamar tana zarginsa.

"Taya suke ci."

Washegari ta kira ofishin ceto da kanta. Ta daɗe tana bayani, kuma daga inda Sabino yake yana jin Loredana tana ƙoƙarin riƙe dariya. Aka canza masa agogon da irin na wuya, wanda ba ya kira sai an danna, ya kuma fi araha, abin da ya sa Sabino ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya ci nasara. Sauran sharuɗɗan ba su yi masa daɗi haka ba. Ba zai ƙara hawa duwatsun da ruwa ke bugu ba, sai faffaɗan dutsen da ke ƙasan katanga. Ba zai cire abin daga wuyansa ba ko wanka yake. Kuma ba zai je shi kaɗai ba: sai da mai gadi.

Shi ya sa yanzu in ka biyo ta katangar da safe za ka ga Gwaggo Addolorata zaune, sandarta a jingine, nata agogon a wuyanta, don Maryamu ta mayar mata da shi tun ranar da aka sallamo ta. A kan kujerar Sabino take zama. An sa wa gajeriyar ƙafar katako, kuma ta ce kujerar da ta karya ta ba za ta koma hannun mai ita ba sai ta gama biyan diyya. Darduma da silifas sun koma gida. Tukunyar fure ana kan magana.

A ƙasa, Sabino yana ɗaga folfo sama, maɓallin ja yana lilo a ƙirjinsa.

"Da ƙarfi, tsoho!" take ce masa. "Na jiya sai da na yi ta tauna."

"Sauko ki daka da kanki."

"In na sauko wa zai kai ƙararka?"

Tas!